Gurjiyarmu a Tukunyar Maƙwabciya

Shekarar da likita ya raba maigidana da nama, na ga yadda babban mutum ke yin gaba da kwanon abinci. Hawan jini ne da kitse a jijiya. Aka ce ya bar nama da ƙwai da madara da man shanu, kifi kuwa dama ba ya shiri da ƙarninsa. Ga shi asibiti ta lashe ɗan abin da muka tara, balle a yi zancen kayan marmarin kanti.

A Coal Camp muke haya, cikin Enugu, shi yana sayar da gurjiya da wake a kasuwa. Abincin dare bai ba ni wahala ba. Da miyar kuka da daddawa aka raine mu, ga faten wake, ga ɗanwake da mangyaɗa. Matsalar ita ce rana. Da can wurin mai shayi yake karyawa da ƙwai, da azahar ya aika a sayo tsire. Yanzu duk an rufe masa ƙofa. In na haɗa shi da wake a kula, kafin azahar zafin garin nan ya juya shi. Abincin matan gari kuma ba ya kallonsa, don bai san wa ya yanka abin da ke ciki ba. Haka yake wuni da garin kwaki da gyaɗa, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ɗaga rabin buhu ya koma sa shi jiri.

Rannan ya ce in wata ya mutu bai ji ƙarfi ba, zai sayar da rumfa mu koma gida. 'Ya'yana a nan aka haife su, a nan suke makaranta, kuma na san babu abin da ke jiranmu a ƙauye sai gonar da 'yan'uwa suka riga suka raba. Ban yi musu ba, na fara ɗaure tukwanen da ba na amfani da su, ina yi ina ƙunci.

Maƙwabciyarmu, wata Inyamura mai yawan dariya, sana'arta okpa, wani abu mai kama da alala da ake dafawa a ganyen ayaba. Wurin maigidana take sayen gurjiyarta shekara da shekaru, amma bai taɓa sa abin a baki ba. Ni ma haka, in ta miƙo mana sai in yi godiya in ba masu gadi. Da na yi masa tayin okpa, ya ce sai na ga abin da ake zubawa da idona, kuma sai an dafa a tukunyata.

Kunya kamar ta kashe ni, amma na ɗauki tukunyar bayan sallar asuba na ƙwanƙwasa mata. Na yi ta kame-kame da ɗan Turancin buroka da na iya, ina gaya mata sharaɗin maigidana. Ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Hajiya, okpa no dey like company," in ji ta. Wato ba ya son a cakuɗa shi da komai.

Ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunne. Garin gurjiya, ruwan ɗumi, manja, gishiri, attarugu. Na yi ta jira in ga an ɗauko wani ƙulli daga lungu, shiru. Na roƙe ta ta rage manja da gishiri saboda mai ciwo, ta ce na ɓata mata suna, amma ta rage.

Da na kai masa, ya kwance ganyen a hankali, ya sansana, ya tambaye ni sau nawa ban sani ba ko na tabbata da abin da aka zuba. Ya gutsura. Ya daɗe yana tauna, sannan ya ce wannan gurjiyar ta buhun da ya zo kafin azumi ce, ya gane ta. Ya cinye ƙulli biyu, ya sa na uku a aljihun riga ya fita, ko sannu bai ce mini ba. Ban damu ba.

Daga nan na koyi yi da kaina, tunda gurjiya tamu ce, ganye kuma kusan kyauta. Yana wuni da shi bai lalace ba. A hankali jirin ya tafi, likita ma ya yaba da awon jininsa. Zancen komawa gida dai ba wanda ya sake tayarwa, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Wata safiya yana neman takalminsa ya yi tuntuɓe da ɗaurin tukwanena a bayan ƙofa. Ya tsaya yana kallonsu.

"Kwance kayan nan mana, kada su karya mutum," ya ce. "Na aika a ƙaro mini buhunan gurjiya."

Ko tsakar gida bai gama fita ba na sa wuƙa na yanke igiyar.