Ƙusa a Bututun Birki

Tsohon bakaniken yana fitowa daga ƙarƙashin a-kori-kura mai ja da taya huɗu, gemu duk baƙin mai, yana jan ƙafar hagu. Ƙusa ce a hannunsa. Da ita aka toshe bututun birkin baya da ke yoyo.

"Ai na gaba yana kamawa, Baba," in ji direban.

"A gangare? Da mutane cike a baya? Kai wane irin mara imani ne!"

Wataƙila irin wannan ganganci ne ya bar tsohon da ɗingishi. Ya zare makullin motar, ya jefa aljihu.

"Je ka ɗauko mahaifiyarka ta zauna a baya, sai in ba ka."