Hanjin da Bai San Pulaku Ba

Gara in faɗa da bakina tun da wuri: a labarin nan ni ne wawan. Ba na so jikata ta riga ni, don ita duk inda ta ba da shi sai ta ƙara masa gishiri.

Malama ce a makarantar koyon aikin lafiya. Ni kuwa karatuna bai wuce firamare ba, amma firamare ta da, wadda aka koya mana sunayen ƙasusuwa da bulala. Saboda haka ban taɓa yarda akwai abin da ta sani a jikin mutum wanda ban riga ta ji ba.

Wata babbar sallah ana cikin feɗe ragona a gidanmu na unguwar Barade, sai ga ta da reza da 'yan kwalabe. Ta yanki ɗan mitsitsi a cinya, ta yanka a zuciya, ta yanka a hanji, kowanne ta jefa shi cikin ruwan magani.

Na ce, "Amarya, tsibbu kika koma?"

Ta ce, "Angona, ɗalibaina zan kai wa. In an gyara zan kira ka, ka ga abin da kake ci tun kana da haƙora."

Da ta kira ni na je, har da babbar riga, don kada ɗalibai su ɗauka ɗan kallo ne. Ɗakin yana wani wari mai hawa ido. Ta zaunar da ni gaban madubin nan da likitoci ke duba ƙwayar cuta da shi, ta zura wani ɗan gilashi, ta ce in rufe ido ɗaya.

Cinya ce ta farko. Wallahi na zaci zan ga nama, amma ƙarami. Abin da na gani zaruruwa ne dogaye, jere da juna, an rina su ja-ja, kowanne da ratsi-ratsi a gicciye kamar saƙi. A gefe-gefensu ga wasu ɗigo masu duhu sun lafe, sak kaska a wuyan saniya. Ta ce wannan ita ce tsokar da ke manne da ƙashi. Ratsin nan wasu siraran zare ne da ke shiga tsakanin juna, tsokar ta gajarce, ƙafa ta ɗaga. Ta ce ita ce mai jin magana: ka ce tashi, ta tashi.

Na ce, "Mun yi wannan a aji shida." Ba mu yi ba.

Zuciya ma tana da ratsin, amma zaren nata ya rarrabu, ya yi rassa, wannan ya kama wancan kamar saiwar ciyawa a bakin rafi, ga wasu baƙaƙen layuka a inda suka haɗe. Ta ce ta mahaɗan nan bugu ke wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya, shi ya sa suke matsewa tare. A gidana zuciyar layya rabona ce, babu mai taɓa ta. Na tuna yadda nake tauna ta da yaji, na ji miyau mai ɗaci ya taru mini a baki.

Hanjin ne ya ƙarasa ni. Babu ratsi, babu tsari, wasu abubuwa ne masu siffar mazari, tsakiya da kauri, baki biyu a tsuke, kowanne da ɗigo guda a ciki, sun cunkushe kamar tsutsa a ruɓaɓɓen mangwaro. Ta ce irinsu ne a tumbi da mafitsara da jijiyoyin jini, su ke matsa abinci su tura shi gaba. Ta ce su da zuciya ba sa karɓar umarnin kowa, aikinsu suke yi ko kana barci.

Nan na cire idona na gyara hula. Na ce wannan a cikin rago ne. Mu da aka rena da pulaku, wato kunya da kamun kai irin na Fulani, cikinmu a hannunmu yake. Na ce na sha wuni a gidan surukai ban ci ba, ban sha ba, ban nemi buta ba. Ɗalibai suka yi mini tafi. Ita ko murmushi kawai ta yi.

Daga ranar nama ya fita raina. Ga soyayyen naman sallah cike da tukunya, ni kuwa da na ɗauki tsoka sai in ga kaska, in aka kawo kayan ciki sai in ga suna motsi. Na koma fura da nono safe da rana.

A cikin haka lokaci ya yi da zan je gaida mahaifin mijin jikar tawa a unguwar Majidaɗi, karon farko tun da aka yi biki. Da safen na sha ragowar wani nono da ya kwana, ya yi tsami har yana kumfa. Na ji warinsa, na ce ai ni da nono ba baƙin juna ba ne.

Surukin Bakano ne ɗan kasuwa, mutumin kirki, amma ba ya fara zance ya tsaya. Ya shimfiɗa mini darduma a zaure, ya tara 'yan'uwansa, aka ajiye tiren nama. Na ce alhamdulillahi a ƙoshe nake. Ya juya ya ce musu, "Kun ga Fulani ko? Kunya kamar ta kashe su." Na sunkuyar da kai irin na manya.

Sai cikina ya yi ƙugi. Ba ƙarami ba, irin wanda ake juyowa a duba. Na yi tari a kai. Ya sake, wannan karon da murɗa, na ji abin yana tafiya daga dama zuwa hagu, kuma abin takaici ina ganinsu a idona, 'yan mazarin nan, sun haɗa kai suna matsa. Na ba su umarni a zuci. Na ce ku tsaya, gidan surukai ne. Na ɗaure duk wata tsoka mai ratsi da Allah ya ba ni, cinya da mara da muƙamuƙi, har gumi ya jiƙa wuyan rigata. Shi kuwa yana ba ni labarin yadda kakansa ya zo garin nan da jakuna.

Bai kai ga sauke kayan jakunan ba na ce, "Alhaji, a taimaka mini da buta."

Bayan gidan kuma yana can ƙarshen tsakar gida, sai da na ratsa matan gidan suna tankaɗe, na tattare babbar riga, ina amsa gaisuwa da ka. Sauran ba na rubutawa ba ne. Abin da zan ce kawai, ban tafi sau ɗaya ba, kuma ƙofar langa-langa ce, ba ta ɓoye sirri.

Da yamma jikar tawa ta zo duba ni, ta same ni kwance ana ba ni ruwan gishiri da sukari. Na ce laifin madubinta ne. Na ce kuma, ba don kada in yi saɓo ba, da an bar wa mutum ragamar abin da ke cikin jikinsa duka, da dattijo kamata bai tozarta a gaban surukai ba.

Ta ce, "Kaka, kai da kake neman tabarau yana goshinka? Da zuciyarka sai ka tuna da ita take bugawa, ai da tun gyangyaɗinka na farko a huɗubar Juma'a muka yi maka sutura."