Murfi Uku Suka Koma Ashirin da Ɗaya

A lokacin ina budurwa, ba ni da abin tinƙaho sai ƙwaƙwalwata da tsohuwar kwamfuta. Iyayena 'yan kasuwa ne daga Kudu, amma ni a Funtua aka haife ni, nan na koyi rubuta manhaja. Wani Alhaji mai shagon maganin feshi ya ɗauke ni in rubuta masa wadda za ta riƙa faɗa wa manoma murfi nawa na magani za su zuba a tankin goyo.

Na rubuta ta da yaren kwamfuta da ake kira Java. Shi wannan yare yana yarda ka ba aiki biyu suna ɗaya. Na yi aikin awo iri biyu, na farko yana karɓar abin da aka buga a matsayin rubutu ya mayar da shi lamba tukuna, na baya yana karɓar lamba kai tsaye. Java da kansa yake duba abin da aka miƙo ya zaɓi wanda ya dace. Sai Alhaji ya ce in ƙara gurbin gyara, tunda manomanmu ko me aka auna musu sai sun ƙara murfi ɗaya hankalinsu zai kwanta. Na ƙara, komai ya tafi daidai.

Da damina ta kama, ya ce yana so manhajar ta buɗe a kowace waya ba sai an sauke ba, don haka in mayar da ita wani yaren, JavaScript. Na gaya masa halin yarukan ba ɗaya ba ne. Shi JavaScript idan ya ga aiki biyu da suna ɗaya, na baya yana shafe na farko ba tare da ya ce uffan ba. Idan kuma rubutu ya haɗu da lamba, liƙa su yake yi maimakon ya tara. Wani yaren ma, Python, tsayawa yake yi cak ya ƙi. Na ce abin da na kwafa bai gwadu ba, na roƙi ya ba ni lokaci. Alhaji ya yi dariya, wai kwamfuta ai kwamfuta ce, ya raba ta ranar kasuwa ban sani ba.

Wani dattijo a Kafur ya buga biyu a gurbin awo, ya sa ɗaya a gurbin gyara. Waya ta liƙa su ta nuna masa ashirin da ɗaya. Ya yi mamaki, amma maganin sabo ne, kuma Alhaji ya riga ya ce musu waya ta fi su sani. Ya zuba hakan ya fesa, audugarsa ta ƙone ƙurmus. Da na ga gonar, wallahi kuka na yi.

Alhaji ya kira ni ya ce in je in durƙusa gaban dattijon in ce kuskurena ne, sunan shagonsa ya tsira, shi kuma ya bar ni a kan aiki. Mahaifiyata ma ta roƙe ni in haƙura, wai mu baƙi ne. Baƙi a ina? Na hau mota na tafi Kafur, na durƙusa na gaishe da dattijon, na faɗa masa yadda aka yi tun daga farko. Sai ya ce, “'Yata, ke kin ce a jira?” Na ce, “Na ce, Baba.” Washegari Alhaji ya sallame ni, ya bi gari yana cewa ban iya aikin ba.

Har yau asarar dattijon nan tana ci mini rai, amma ƙin da na yi ban taɓa nadamarsa ba. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, ku san halin kowane yare kafin ku kwashi aiki zuwa cikinsa, wanda yake yin shiru a kan kuskure shi ne abin tsoro. Kada ku bar abin da ba ku gwada ba a inda hannun mai gaggawa zai kai. In kuma ta ɓaci aka ce ku ɗauki laifin wani don ku ci gaba da cin abinci, ku ƙi. Ni na ƙi, kuma ga ni ban mutu da yunwa ba.