Malam Buba Mai Kanwa da Tafiyar Gembu

Ina cikin buɗe shagona a Kasuwar Gombe da safiyar Talata sai Ɗanlami ɗan dako ya tsaya a gabana, babu kaya a kansa, bai ko yi sallama ba. Ya ce, "Shugaba, Malam Buba ya rasu da asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Kafin azahar mun sallace shi a Pantami, mun kai shi makwancinsa.

Ni ne shugaban layin masu kanwa da gishiri, kuma bango ɗaya ne ya raba shagona da nasa shekaru masu yawa. Bara na kammala ajin yaƙi da jahilci, saboda haka da hannuna nake wannan rubutu, ban nemi kowa ya yi mini ba. Na ga ya wajaba a kaina, domin babu wanda ya san al'amarin marigayi kamar ni.

Malam Buba ɗan makiyaya ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, yayarsa Adda Hauwa ce ta raine shi, daga baya aure ya kai ta Gembu, can saman tsaunin Mambila. Burinsa guda ne a duniya: ya riƙa zuwa wurinta a kai a kai. Yakan ce mini, "Shugaba, ba na son sai rasuwa ta kai ni. So nake in je in sha nono daga hannunta, in dawo, in sake komawa."

Bai tsaya ga faɗa da baki ba, ya juya sana'arsa gaba ɗaya saboda wannan buri. Da albasa da tattasai yake sayarwa, ya bar su duk da ribarsu, ya koma kanwa da igiya. Da aka tambaye shi dalili, ya ce, "Kanwa ba ta ruɓewa don na yi mako ba na nan." Ya daina karɓar kaya bashi, ya daina bayarwa. Ya shiga adashi wanda ya keɓe don kuɗin mota kaɗai. Da kaka yakan sayi hatsi ya jibge a gida, domin kada iyali su rasa tuwo a bayansa. Har tasha ya je ya zauna da direbobin Jalingo, ya san ranar da mota ta fi saurin cika, ya san inda ake kwana kafin a fara hawan dutse.

To, a layinmu akwai al'ada. Duk wanda zai yi tafiya yakan damƙa makullin shagonsa ga maƙwabci. Maƙwabcin zai buɗe, ya sayar masa, ya kai kuɗin cefane gidansa, kuma ba ya ba kowa makullin sai mai shi. Da jama'a suka ga Malam Buba ba a bin sa, ba ya bin kowa, kayansa kuma ba sa neman kulawa, sai kowa ya ga babu wanda ya dace da riƙon makulli kamarsa. Shirin da ya yi don ya samu fita, shi ya zaunar da shi.

Ina nan ranar da ya zo da jakarsa a ɗaure, zai wuce tasha bayan la'asar. Sai ga Alhaji Garba mai gishiri da sauri, an kira shi daga Kano, mahaifiyarsa ba lafiya.

"Malam Buba, taimake ni, ba zan daɗe ba."

"Alhaji, dubi jakata fa."

"Haba, Gembu guduwa za ta yi?"

Malam Buba ya miƙa hannu ya karɓi makullin. Bayan Alhaji ya tafi na ce masa, "Kawo makullin nan, ni ne shugaba, ka kama hanyarka." Ya yi murmushi ya ce, "A hannuna ya sa, bai sa a hannun shugaba ba. Idan ya dawo ya ce ina gishirina, sai in ce masa ya rubuta takarda zuwa ofishinka?" Layin duka ya ɗauki dariya, har da ni. Jakar ta kwana a ƙarƙashin benci.

Na kira taro a kan wannan magana, na yi jawabi mai tsawo cewa a riƙa karɓa-karɓa. Kowa ya amince. Gari na wayewa wani ya kai masa makulli. Kafin wannan ya dawo daga biki, wancan ya tafi saro kaya. Kullum maganarsa ita ce, "Bari wannan ya dawo, sai ni." Ranar da ya rasu, makullan mutum biyu na rataye a ƙusar shagonsa.

Adda Hauwa ce ta yi tafiyar a ƙarshe. Ta iso ana cikin zaman makoki, tsohuwa tukuf, idonta ba ya gani sosai. Ta ce a kai ta shagon, ni na yi mata jagora. Ta shiga, ta miƙa hannuwanta, saura kaɗan su taɓa bango biyu. Ta ce, "Wannan ɗan ɗakin ne ya riƙe mini ƙane?"

Na ba ta labarin makullan da suka riƙe shi. Ta zauna a bencinsa, sannan ta ce, "Masu makullan, duk sun dawo lafiya?"

Na ce, "Sun dawo, Adda."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Su dai sun ga nasu."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Buba, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da Aljannar Firdausi a kan amanar da ya riƙe. Ka ba mai ɗakinsa Malama Hadiza da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu a bayansa. Ka sanyaya zuciyar Adda Hauwa, Ka haɗa ta da ƙanenta a gidan da babu rabuwa. Mu kuma, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.