Kafin Guga Ya Fito

Ban taɓa shiga lif ba. 'Yata ce ta ba ni labarinsa, shekarar da ta gama karatun tarihi a jami'a ta dawo gida Salaga. Ta ce ɗan ɗaki ne da ke hawa da mutane saman bene, kuma an koya musu cewa mai neman aiki ya iya faɗin ko shi waye da abin da ya iya kafin ɗakin ya tsaya.

Wasu masu bincike ne za su zo Tamale, suna neman mutum ɗaya da zai zauna a Salaga yana tattara labarin fataken goro daga bakin tsofaffi. In ta samu, za ta zauna gida ta ƙarasa ɗaukar maganar kakarta a waya, wato mahaifiyata. In ba ta samu ba, akwai koyarwa da ƙanena ya nemo mata a Bawku.

Mma, kamar yadda nake kiran mahaifiyata, ta ji labarin a bakin kakanta, wanda ya bi ayari yana saurayi. Ba ta ba da shi a gaggauce. Yau ta faɗi yadda ake jera goro cikin ganye, gobe ta ce ƙirjinta ya riƙe, a bari.

Da yake ba mu da lif, sai muka auna da rijiyar gidanmu. Ni ne babban mutumin da za ta yi wa bayani a lif ɗin. In na dawo daga kasuwar doya da la'asar, sai in saki guga in jawo, ita kuma ta yi ta magana da Turanci har gugan ya fito. Turancina na kasuwa ne, lokacin ko ajin koyon karatu na manya ban shiga ba, amma ina gane inda ta yi tuntuɓe.

Ranar farko gugan ya fito tana cikin gaisuwa. Ta yi dariya, ta cire gaisuwar. Bayan kwana biyu ta cire sunan gidanmu. Daga baya ta cire inda take cewa ita jikar fatake ce.

Mma tana kan tabarma tana kallonmu. Ta ce, "Ke ƙawata, me kike gaya wa rijiyar nan kullum?"

"Kaka, ina koyon faɗin ko ni wace ce."

"Yau kuma? Da can ba ki sani ba?"

'Yata ta fassara mata. Mma ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To mutum ya tsaya gabanki, ba ki tambayi lafiyar gidansa ba, ba ki ce ke 'yar wane ce ba, kin kama yabon kanki kamar maroƙin da ya rasa mai gida?"

"Kaka, lokaci ne babu."

"Ina za shi?"

"Sama."

"To ya sauka lafiya."

Muka yi dariya har Mma ta kama tari. Daga ranar na riƙa jan igiyar a hankali don yarinyar ta sami sarari. Ta gane, ta ce, "Baba, can ba wanda zai ja mini a hankali." Na koma ja yadda aka saba.

Ana gobe za ta tafi Tamale, maganar ta zauna daidai. Ta rufe baki, gugan ya taɓa bakin rijiya. Da yamma ta ajiye wayarta gaban Mma, suka ci gaba daga inda suka tsaya. Ina ɗaure doya a zaure ina jiyo su sama-sama. Ayari ya wuce Yendi, ya iso bakin kogi, ruwa ya cika, jakuna sun ƙi shiga. Nan Mma ta gaji. Ta ce, "Je ki dawo, ƙawata, sai mu haye."

'Yata ta dawo daga Tamale ta ce ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matar da ta saurare ta ta yi murmushi, ta ce za su kira. Muka jira. Duk sanda wayar ta yi ƙara sai gidan ya yi tsit. A kwanakin nan jikin Mma ya yi nauyi, magana kaɗan take yi, yarinyar ma hankalinta na kan waya. Ba su kira ba. Da ƙanena ya ce makarantar ba za ta ƙara jira ba, na raka 'yata tasha da kaina.

Mma ta rasu kafin hutun farko. Hanyar Bawku da nisa, 'yata ta iso an riga an kai ta.

Washegari gidan ya cika da masu ta'aziyya, har da dangi daga Yendi. Ruwa ya ƙare a randa, na fita na tarar da 'yata a bakin rijiya, ta saki guga ba ta jawo ba.

Ta ce, "Baba, yaya suka haye?"

Na ce ban sani ba. An haife ni a gidan nan, na tsufa kusa da Mma, kullum ina cewa akwai lokaci.

Na karɓi igiyar daga hannunta na jawo ruwan. Ta ɗauka ta kai wa baƙi.

Tana Bawku har yanzu, tana koya wa yara Turanci. Muryar Mma na cikin wayarta, ta ce ba ta iya sauraro tukuna. Ni kuma da na koyi rubutu, abin da na fara sa wa a takarda shi ne ɗan abin da na jiyo daga zaure. Nawa ma a bakin kogin ya tsaya.