Kwana Tara Guifen Tana Neman Mijinta

Tan Guifen manomiyar lemo ce daga wani ƙauye can ƙasan kogi. Shekara talatin mijinta Ran Dezhong ya yi yana dako da sandar gora a Chongqing, ba ta taɓa leƙo birnin ba. Sai da ya tsufa ya koma gida, ya fara manta sunayen 'ya'yansa, sannan ta riƙo hannunsa ta kawo shi ganin likita.

A tashar jirgin ruwa ta sake shi don ta sayi ruwan sha. Ko da ta waiwayo, babu shi.

Washegari ta zo rumfar taliyata da ke gindin matakala, ta ajiye hotonsa kan tebur.

Na ce, "Yaya, zauna ki ci wani abu tukuna."

"Ƙanwata, ko sunansa ba ya iya faɗa. Maganinsa kuma yana aljihuna."

'Yan sanda sun karɓi hoton, suka ce ta jira. Ina za ta iya? Garin kuwa, da yake a kan tsaunuka aka gina shi, ya yi ta juya ta. Ta shiga gini daga bakin titi a ce mata tana hawa na goma sha biyu. Ta tambayi hanya, ba mai cewa gabas ko yamma, sai "hau" ko "sauka". Kullum da safe takan tsaya kan gada ta leƙa ruwa cikin hazo, ta yi maza ta kau da kai. Ƙafafunta suka kumbura har ta tsaga takalmanta.

Rana ta shida na haɗa ta da tsoho Xiong, ɗan dako. Ya ƙura wa hoton ido.

"Ran Kurma! Ja'irin da ba ya jin kira sai na abinci?" Ya ga fuskarta, dariyar ta ɗauke. "Matar yaya, daina nemansa inda jama'a suke. Mu duba inda muka yi dako a da."

Suka bi tsofaffin kasuwanni ɗaya bayan ɗaya, mafi yawa an rushe su. A rana ta tara suka same shi cikin ɓaraguzan kasuwar yadi, zaune kan bulo, leɓe a tsage, ƙafa ɗaya ta ruɓe. Ta durƙusa tana kiran sunansa.

Ya dube ta da ladabi. "Uwar ɗaki, ina za a kai kayan?"

Xiong da abokansa suka ɗaura kujera a sanduna suka sauko da shi.

Likitoci sun yanke masa yatsun ƙafa uku, suka ce hankalin ba zai dawo ba. Guifen ba ta koma ƙauye ba, saboda asibiti. Yanzu a wurina take wanke kwanuka, shi kuma yana zaune kan benci kusa da ita, ta ɗaure gefen rigarsa da ɗamararta.