Rawar Idon Baffa

Jiya a cikin tasi, tsakanin Utako da Wuse, direba ya ce idonsa na rawa, yau zai ga baƙo. Na daka masa tsawa: "Malam, je a auna jininka!" Ya kalle ni ta madubi. "Oga, lafiya?"

Ina fa lafiya. Ya tuna mini da Baffa, ƙanin mahaifina.

Shi ma komai ishara ne a wurinsa. Ranar da na dawo daga Abidjan, na tarar da shi a gidansa na Yangoji yana gasa doya, ƙauri da ƙanshin manja sun cika zaure. Ya ce, "Ɗan yawo! Kwana uku idona na hagu yana rawa, na ce musu baƙo na tafe. To ga ka!" Na yi dariya, har na ji daɗi. Na ga bakinsa ya ɗan karkace, na ga shayin da yake sha na zuba a rigarsa. Ni da na san sunan shanyewar ɓarin jiki da Faransanci da Larabci, na zauna na zama shaidar camfinsa.

Bayan kwana biyu ya faɗi a gona. A zaman makoki kowa sai ya ce, "Kwana ne ya ƙare." Na yarda da ƙaddara. A Alƙahira ma, inda na taɓa zama, sun yarda da ita, amma suna kai tsohonsu asibiti. Har yau ina jin haushinsa, haushin kaina kuma ya fi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa, Ya yafe wa baƙon da ka yi ta jira.